Jegon Kifin Auta

Birnin Gwari,
4 ga Oktoba.

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Kaduna? Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Tunda aka yanke layin waya a garin nan mun koma zamanin kakanni, shi ya sa ka ga takarda. Dabo direba zai kawo maka ita shago ranar da jami'an tsaro suka raka motoci, kuma shi za ka ba amsa.

Inna tana nan yadda ka bar ta ranar sadakar arba'in ɗin autanmu Sadisu. Wata uku ke nan da mutanen daji suka kashe mana shi a hanyar Damari, amma a wurinta kamar jiya ne. Matar da ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa a unguwar nan, yau ko an zo kiranta sai ta juya fuska bango. Abu ɗaya ne ke tashinta daga tabarma, wato akwatin gilashin kifin nan da ke ɗakinsa. Da hantsi, lokacin da yake ba su abinci, sai ta ja jiki ta zauna a gabansa, ta barbaɗa musu, ta ce "ku ci, na Auta." Sannan ne ita ma za ta yarda ta kurɓi kunu. Ranar da kifi bai ci ba, ita ma ba ta ci.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Cikin kifi shidan da ka kawo masa, biyar sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Mazan nan biyu masu ƙyalƙyalin wutsiya su ne na ƙarshe, satin da ya wuce. Saura macen da Sadisu ke kira Mai-Lalle saboda jan wutsiyarta. Ita ma yanzu cikinta ya kumbura suntum, ga wani baƙin tabo a ƙasansa kusa da wutsiya. Wallahi duk safiya da faɗuwar gaba nake leƙa ɗakin nan. Ciwon da ya kwashe sauran ne ya kama ta?

Kada ka ce za ka aiko da wasu daga shagonku. Na gwada zancen, Inna ta yi mini kallon da har yanzu ban warware ba. Ta ce ita ba kifi take so ba, na Auta take so, waɗanda hannunsa ya ciyar. Yaya, in wannan ta mutu ban san da me zan ƙara lallashin Inna ta sa abu a bakinta ba. Kai ne kake kwana kana tashi cikin kifin ado, ka faɗa mini abin yi.

Ƙanwarka,
Bushira.

Kaduna,
7 ga Oktoba.

Bushira,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye. Ina lafiya. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina nan tafe da zarar hanya ta yi dama.

Kwantar da hankalinki, Mai-Lalle ba ciwo take ba, ciki gare ta. Irin wannan kifin gofi ake ce masa, kuma ba ya yin ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa. Haihuwa yake yi, ɗa ya fito da ransa yana iyo. Baƙin tabon da kika gani alamar cikin ne. Idan kika ga cikin ya daina zama zagaye ya yi kusurwa, ta koma lungu ɗaya ta ƙi abinci, to ta kusa.

Sauran da suka mutu, ina zargin ruwa ne. Na san ki da son wanke-wanke. In kina juye ruwan duka kina saɓe gilashin da sabulu, ki daina daga yau. Kashi ɗaya cikin huɗu kawai za ki riƙa ɗiba duk bayan kwana huɗu, ki mayar da ruwan rijiya wanda ya kwana a bokiti a cikin ɗakin, don kada sanyinsa ya bambanta.

'Ya'yan za su fito ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Abincinsu shi ne na manyan, ki murje shi tsakanin yatsu har ya zama gari. In ya ƙare, ki dafa ƙwai ki ɗebi gwaiduwar da kan tsinke. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana, domin abin da suka bari shi ke ruɓar da ruwa.

Abu biyu ne ba na son a yi wasa da su. Na ɗaya, kada a taɓa ciyawar ruwan da ke ciki. Na biyu, da zarar ta gama haihuwa ku cire ta daga cikin 'ya'yan, ku sa ta a wani mazubi dabam. Kada ku jira ko awa ɗaya. Haka ake yi, kada ki tsaya tambayata dalili.

Yayanki,
Mu'azu.

Birnin Gwari,
11 ga Oktoba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, har Inna, kuma wannan karon da gaske nake faɗa.

Ikon Allah! Yaya, kifi ya haihu a gaban idona! Da na karanta wa Inna takardarka cewa ta yi an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa. Ta ce ta girma a bakin rafi, ba yaron da zai koya mata kifi. To jiya da hantsi muna zaune sai Mai-Lalle ta maƙale a lungu tana karkarwa. Inna ta ƙura mata ido, can ta ce, "Ke Bushira, wannan ai naƙuda ce." Ba ta rufe baki ba wani ɗan abu ya faɗo a dunƙule, ya warware, ya yi wuf ya shige ciyawa. Na ƙwala salati har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ɗan mitsitsi, duk jikinsa ido ne.

Ka ga Inna kuwa? Ta miƙe tsaye ba dafa bango, ta gyara ɗaurin zani, ta kore kowa daga ƙofa. Tana cewa "sannu, yi nishi, saura kaɗan," kamar wata 'yar unguwa ce a kan gwiwa. Ashirin da uku ta ƙirga. Ranar tuwo ta ci, malmala guda, har da neman ƙarin miya. Ni kuka na yi a madafa.

Sai dai zancenka na a cire uwar bai shiga ba. Na ɗauko kofi ke nan ta riƙe mini hannu. Ta ce, "A gidan uban wa ake raba mai jego da jinjiri ranar haihuwa? Shekara arba'in ina wannan aiki, ko uwar da ta haukace ban taɓa ɗauke mata ɗa ba kafin arba'in. Mu'azu ya zauna birni zuciyarsa ta bushe." Na ce kai ka ce haka ake yi. Ta ce wane dalili ka bayar? Na duba takarda, babu. Ka ga ka ɗaure ni da igiyarka.

Ciyawar ma ta tafi. Ta ce ɗakin mai jego ba a barinsa da shara, kuma 'ya'yan sai ɓuya suke a ciki suna gudun uwarsu, yaushe za su saba da ita? Da hannunta ta tsame ta tas. Daga nan ta ɗauko sabon zaninta ta lulluɓe gilashin ruf, wai saboda bakin mutane, ba mai ƙara gani sai ranar suna. Abinci ma ta gefen zanin take zura hannu ta barbaɗa. Da ƙyar na hana ta ɗiga kunun kanwa a ruwan.

Ni dai ban ga laifi ba. Uwa ce da 'ya'yanta, me zai faru? Kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba kafin ka je Kaduna, ka bar wa masu abin abinsu.

Bushira.

Birnin Gwari,
14 ga Oktoba.

Yaya Mu'azu,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Jikinmu lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta cinye su. Yaya, Mai-Lalle ta cinye 'ya'yanta!

Yau da safe Inna ta shiga wanka, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, na ɗaga bakin zanin. Na duba sama, na duba ƙasa, uku kawai na gani, sun manne a kusurwa ba wurin ɓuya. Na ce ko ƙadangare ne, ko kyanwar maƙwabta, alhali murfi na nan yadda yake. Na kira Inna ta fito da ruwa a jiki. Muna tsaye mu biyu, Mai-Lalle ta juyo a hankali, ta bi ɗaya, ta buɗe baki ta haɗiye shi kamar ƙwayar gero. Ko gezau. Kafin in zura kofi ta kama na biyu. Na ukun na tsamo shi, amma da rauni a jikinsa, bai kai azahar ba.

Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tsaya tana kallon kifin nan. Can ta ce, "Kaza kan taka ɗanta, amma ba ta cinsa. Wannan mayya ce." Sai ta ce da ni in fitar mata da ita daga ɗakin Auta, in watsa wa kaji, kada ta ƙara ganinta. Ta koma tabarma ta juya wa bango fuska. Tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Na ji tana cewa ita kaɗai, "Ni na kwashe musu ciyawar. Ni na rufe su da ita."

Yanzu kai nake tambaya, kuma ka ba ni amsa. Ka sani? Ka san tana cin 'ya'yanta ka rubuto mini "haka ake yi, kada ki tsaya tambaya"? Kalma nawa ce "za ta cinye su"? Biro ne ya ƙare maka ko takarda? Ka san halin Inna sarai, ba a juya ta da umarni sai da hujja. Wallahi raina ya ɓaci da kai, ya ɓaci da kaina da na tsaya ina yi maka tsiya.

Ga shi babu namiji ko ɗaya, balle a ce za ta sake. Na Auta sun ƙare ke nan. Ita kuma tana nan a kofi a bakin murhu, tana ta iyo abinta kamar ba ta yi komai ba. Ina gama wannan takarda zan yi abin da Inna ta ce.

Bushira.

Kaduna,
16 ga Oktoba.

Bushira,

Don girman Allah kada ki zubar da ita! In takardar nan ta same ki tana da rai, ki ajiye karatun ki je ki mayar da ita ruwa mai yawa, sannan ki dawo ki ƙarasa.

Takardunki biyu tare Dabo ya miƙo mini su. Na karanta ta farko ina dariya, na buɗe ta biyu sai da na nemi wuri na zauna. Na sani, Bushira. Kowa a shagon nan ya sani. Na ɗauki biro zan rubuta, sai na tuna ke za ki karanta wa Inna da baki, na ce yaya za a yi a gaya wa uwar da ta binne ɗanta wata uku da suka wuce cewa akwai uwar da ke cin nata? Na ce bari in rufe, ku dai ku bi umarni. Ga inda tausayina ya kai mu. Laifina ne, ba na Inna ba, ki faɗa mata haka.

Ba mugunta ba ce irin ta mutane. Kifin nan bai san ɗa ba. Duk abin da ya motsa kuma ya shiga bakinsa, abinci ne. A rafi 'ya'yan kan tsere cikin ciyawa, shi ya sa suke rayuwa.

Yanzu ki saurara da kyau, wannan karon da dalili zan faɗa. Macen gofi tana ajiye abin da ta samu daga namiji a jikinta har wata da watanni. Tana iya haihuwa sau uku ko huɗu ba tare da ta ƙara ganin namiji ba, kusan duk bayan sati huɗu. Mazan da Sadisu ya ciyar sun mutu, amma 'ya'yansu suna jikinta. In ta rayu, na Auta ba su ƙare ba.

Hankalina ba zai kwanta ba sai na ji daga gare ki. Inna ta sha wani abu?

Mu'azu.

Birnin Gwari,
3 ga Nuwamba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha takwas takardarka ta yi a aljihun Dabo. An tare hanya wajen daji, motoci suka daina fita, shi ma a can ya maƙale. Ni kuwa nan na gama yanke cewa fushi ka yi da zagin da na yi maka, har na ce in ka ga dama ka shekara. Ka yafe ni.

Inna ta rame ƙwarai. Cokali biyu, uku, shi ma sai na yi kamar zan yi kuka. Ɗakin Sadisu kuwa ta sa na ja ƙofarsa.

Da na karanta layinka na farko sai da na yi salati, domin ni a sanina na kashe ta. Ranar nan na fita da kofin har gaban kaji, suka taso, sai hannuna ya ƙi. Na juye ta cikin tsohuwar randar bayan ɗaki da ruwan sama ya taru a ciki, na ce ta mutu can ba a idona ba. Na gaya wa Inna an gama. Ban ƙara waiwayar wurin ba, ko ƙwayar abinci ban kai mata ba.

Na yar da takardar na ruga ba takalmi. Ruwan ya yi kore shar, ba a ganin komai. Na zura ƙwarya sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai ga jan wutsiya. Subhanallahi! Tana nan da ranta, har ta fi da ƙiba, ashe tsutsar sauro take ta ci. Ga ciki ya fito, ga baƙin tabon nan.

Na kai wa Inna ita a ƙwaryar, na karanta mata takardarka tun daga sama har ƙasa, ban tsallake komai ba. Na zaci za ta ce ciki ba miji ƙarya ce. Sai ta tashi zaune, ta daɗe tana duban ƙwaryar, ta ce, "Kwantacce ne. Na sha ganinsa a mata, ciki ya kwanta bayan miji ya rasu, sai daga baya ya tashi." Ban yi mata gardama ba, kai ma kada ka yi. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske na mazan da Auta ya ciyar ne. Na ce haka ka rubuta.

Ba ta ce ta yafe wa Mai-Lalle ba. Cewa ta yi kawai in buɗe ɗakin, in je bakin rafi in samo ciyawar ruwa, mai yawa.

Bushira.

Birnin Gwari,
10 ga Nuwamba.

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ban jira amsarka ba, Dabo zai tashi gobe da sassafe.

Mai-Lalle ta sauka jiya bayan an fito sallar asuba, gari ya fara haske. Kwana uku kafin nan Inna ta gama shirinta. Ta sa na wanke babbar kwalbar nan ta alewa da ruwa zalla, ba sabulu, muka cika ta da ruwan gilashin, muka zuba ciyawa. Ta ɗauko ludayin duma sabo ta ajiye kusa da ita. Zani kuwa ko zancensa ba ta yi ba.

Yaya, da ka ga hannun tsohuwar nan! Hannun da ke rawa in ta ɗauki kofin shayi, jiya ko kaɗan bai yi rawa ba. Ɗa na faɗowa, kafin uwar ta juyo ta riga ta tare shi da ludayi ta juye a kwalba. Ba sannu, ba yi nishi, bakinta gum. Sau ɗaya Mai-Lalle ta riga ta, ta haɗiye guda. Na ce wayyo! Inna ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Riƙe kwalba, ba lokacin kuka ba ne." Goma sha tara muka samu. Yau da safe na sake ƙirgawa, goma sha taran ne, duk sun taso sama suna warwason garin da na murje musu. Sau huɗu nake ba su yadda ka ce, Inna ce ke tuna mini in na shagala.

Da aka gama ta wanke hannu, ta ce in dama mata kunu mai kauri, ta shanye kofi guda. Sai na ɗauki kwalbar zan kai ɗakina, a nufina a nisanta su da uwar gaba ɗaya. Ta ce, "Ina za ki da su?" Na ce ai kin ga halinta. Ta karɓe kwalbar daga hannuna, ta ajiye ta jikin gilashin, ta matsa ta har suka haɗu. Mai-Lalle ta zo ta tsaya daidai wurin, tana ta dungurar gilashi da baki.

Na ce, "Inna, ba fa son su take ba. Yaya ya ce ba ta ma san nata ba ne, so take ta ci."

Ta ce, "Na ji abin da ya ce. Bar mata su a nan. Ba za ta taɓa su ba, amma ta gan su."

Tana kallon su, sai ta ce, "Ni da za a ajiye mini Auta a bayan gilashi, ko ban taɓa shi ba, wallahi da ya ishe ni."

Daga nan ne ta yi kukan, Yaya, wanda ba ta yi ba tun ranar da aka shigo da gawarsa. Ban hana ta ba. Na zauna kusa da ita har rana ta ɗaga, sannan ta share fuska da bakin mayafi, ta ce lokacin abincin yaran ya yi.

Ƙanwarka,
Bushira.